Tashar Jirgin Ƙasa ta Kano, da Mu da Dogo Bai Ratsa Garinmu Ba

Ranar kasuwar shanu a Potiskum, da la'asar ta yi sanyi an gama ciniki, sai aikin lodi ya kankama. Tirela za ta ja da baya ta kafa gindi a jikin tudun lodi, an riga an zuba mata yashi don kada kofato ya zame. Samari da igiya da sanda suna kora, wannan ya murɗe wutsiya, wancan ya ja ƙaho, har a cusa bijimin ƙarshe. A ɗaure ƙahonni, 'yan rakiya su haye sama su zauna a kan katakon da aka gitta, direba ya yi bisimilla ya tayar. Daga nan sai Legas ko Fatakwal, kwana biyu ko uku a hanya, shinge bayan shinge. Kafin a isa wata ta rame, wata ta karye, wata kuwa sai an tsaya a gefen titi an yanka ta kada ta zama mushe.

Ni ɗan Nangere ne, da wannan na buɗi ido, kuma na daɗe ina zaton haka abin yake tun fil'azal. Kakana na wajen uba ne ya warware mini. A zamanin ƙuruciyarsu da ƙafa suke kora shanu su yi arewa, su ratsa ƙasar Bade, su kai Nguru, a can ake zuba su a tarago. Jirgi ya kai su Kano, a Kano kuma a haɗa taragun da jirgin da zai yi kudu. Shi bai taɓa wuce Kano ba, amma tashar ta zauna masa a rai har ya koma ga Mahaliccinsa: hayaƙin kwal, ƙarar ƙarfe, 'yan dako tsirara daga ƙugu zuwa sama suna gudu da buhu a wuya, da dalar gyaɗa wadda ya ce sai ka dafe hula kafin ka hango ƙololuwarta.

Wanda ya shimfiɗa taswira zai ga yadda aka yi da mu. Layi ɗaya ya tashi daga Kano ya yi arewa maso gabas ya tsaya a Nguru. Wani ya taso daga Bauchi ya bi ta Gombe da Buni Yadi ya shige Maiduguri. Potiskum da Nangere suna tsakiya, ba su sami ko ɗaya ba. Duk da haka farashin gyaɗar manomin Dazigau da kuɗin bijimin makiyayin Tikau sun yi shekaru da dama suna rataye da abin da ke faruwa a tashar Kano. Shi ya sa labarinta labarinmu ne.

Yadda dogo ya iso Kano

Turawan Ingila sun ci Kano da yaƙi a watan Fabrairun 1903, suka naɗa Sarki Abbas. Tun a lokacin Lugga, wato Frederick Lugard, yana ta naci a kan sai an haɗa Arewa da bakin teku, domin mulkin ƙasa mai wannan faɗin da doki da ɗan dako ba zai ɗore ba. A kudu an fara shimfiɗa layi daga Legas tun 1896, ya kai Ibadan a 1901, yana ta hawowa sannu a hankali. Gwamnatin Arewa ba ta so ta jira shi ba. A 1907 aka turo Percy Girouard ya gaji Lugga, shi kuwa injiniyan dogo ne ɗan Kanada, wanda ya yi suna da layin da ya shimfiɗa wa sojan Ingila a Sudan. Shi ya ja ragamar layin da ya tashi daga Baro, a bakin kogin Kwara, inda jiragen ruwa ke iya kawo ƙarafa idan ruwa ya cika. Daga Baro zuwa Kano mil 356 ne.

Ba da injin aka yi aikin ba, da hannun talakawa aka yi shi. Hakimai da dagatai ake ɗora wa yawan mutanen da za su kawo, a ɗebo manoma daga ƙauyuka a ba su diga da kwando, su yi makonni a daji kafin a musanya su. Ana biyansu da tsabar kuɗin Turawa, kuma ta wannan hanya sule da sisi suka bazu a karkara suka fara ture wuri. A watan Maris na 1911 ƙarfe ya iso Kano. A 1912 aka buɗe layin ga 'yan kasuwa, aka kuma haɗe shi da na Legas, wanda ya zo ya same shi a Minna. A Jebba da fito ake tsallakar da taragu har zuwa lokacin da aka gama gada. Faɗin layin ƙafa 3 da inci 6 ne, tsawonsa daga Legas zuwa Kano sama da kilomita 1,100. Tafiyar da fatake ke yi a cikin watanni ta dawo ta kwanaki.

Ba a shigar da tashar cikin birni ba. A gabas da ganuwa aka kafa ta, kusa da Fagge, wadda dama can zango ce ta baƙi da ayarin raƙuma. Wannan zaɓi ya juya fuskar Kano. Ɗaruruwan shekaru birnin yana kallon arewa, yana jiran ayarin Agadas da Larabawan Gadamas da Turabulus. A shekarar da dogo ya iso, Italiya ta afka wa Libiya, hanyar Sahara ta ƙara lalacewa, har Larabawan Kano da kansu suka koma aika fatu ta jirgin ƙasa zuwa Legas, daga can ta teku. Kasuwar Kurmi ba ta mutu ba, amma daga wannan lokaci nauyin ciniki ya fara zamewa zuwa bayan ganuwa.

An zo neman auduga, aka tarar da gyaɗa

Masu masaƙun Lankasha a Ingila ne suka fi kowa matsa wa gwamnatinsu a yi wannan layi, don suna ganin ƙasar Hausa za ta zame musu rumbun auduga. Lissafinsu bai fita ba. Masaƙan Kano da marinanta suna sayen auduga da tsadar da Turawan ba sa iya biya. A daidai lokacin kuma masana'antun Turai sun gano yadda za su daskarar da man tsirrai su yi abin shafa wa burodi da sabulu, suka shiga neman gyaɗa ido rufe.

Manomin Kano bai jira malamin gona ba. Ya san gyaɗa tun kaka da kakanni: tana son jigawa, tana zama tare da gero da dawa a gona ɗaya, harawarta abincin dabba ce, kuma idan shekara ta yi tsanani ana iya cin ta, abin da ba a yi da auduga. Ga haraji da aka ce sai da kuɗin Turawa za a biya. Attajiran goro, waɗanda suke da yara a kowace kasuwar ƙauye, suka raba kuɗi da gishiri da tufafi tun kafin shuka, a kan za a biya su da gyaɗa da kaka. Da amfanin 1912 ya shigo, jakuna da raƙuma da takarkarai suka cika hanyoyin Kano har tashar ta rasa inda za ta sa kaya. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar a 1912 ba ta kai tan 3,000 ba, a 1913 ta haura tan 19,000. Ban san wani misali da ya fi wannan nuna kaifin basirar manomin ƙasar nan ba.

A cikin wannan kasuwa Alhassan Ɗantata ya yi fice. Haifaffen Bebeji ne, ya fara da fataucin goro a Gwanja, yana cikin na farko da suka gane cewa a ɗora huhun goro a jirgin ruwa zuwa Legas, sannan a jirgin ƙasa zuwa Kano, ya fi a bi ayari. Daga 1918 ya zama babban mai saya wa kamfanin Niger Company gyaɗa, kuma lokacin da ya rasu a 1955 ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa. Akwai irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo da suka yi zamani tare da shi, duk arzikinsu ya bi ta wannan tasha.

Dalar gyaɗa da muke alfahari da hotonta tana da fuska biyu, kuma ya kamata a faɗa. Alamar albarka ce, babu shakka. Ana shimfiɗa buhuna a ƙasa murabba'i, sahu na biyu ya ɗan shiga ciki, 'yan dako su riƙa taka na ƙasa kamar matakala suna hawa da buhu a kafaɗa, har a kai dubban buhuna a dala ɗaya, sannan a lulluɓe da tamfol saboda ruwa. Amma abin da ya sa dalar ta yi ta yawa, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu, shi ne jirgi ya kasa kwashe abin da manomi ya noma. Kawunan jirgi sun tsufa, taragu sun yi kaɗan, layi kuma ɗaya ne tak. Gyaɗar bara takan tarar da ta bana, ƙwari suna ci. Ashe tun tashar tana ganiyarta ƙarfinta bai kai na gonakin Arewa ba.

Garin da ya tsiro a gefen tasha

Duk wanda ya san Kano ta bayan ganuwa ya san abin da dogo ya haifa. Kamfanonin Turawa irin su John Holt da Paterson Zochonis da CFAO na Faransa suka sami filaye dab da layi, suka gina kantuna da sito-sito da wuraren awo. Kwarori, wato 'yan Labanan da Siriya, suka kafa nasu layin, wanda daga sunansu aka sami Kantin Kwari, kasuwar da yau 'yan Nijar da Chadi da Kamaru ke zuwa sarin atamfa da shadda. Wajajen 1913 aka yanka Sabon Gari domin akawuna da makanikai da ma'aikatan reluwe da suka zo daga kudu da Saliyo da Gwalkwas. Daga baya masana'antun Bompai suka biyo, su ma a gefen layi.

Haka abin ya kasance a ɗaya bakin layin, can kudu. Jirgin da ya kai shanu kudu shi ke dawowa da goro, musamman bayan Yarabawa sun rungumi noman goro a yankin Agege da Ifo da Shagamu. Unguwannin Hausawa da ake kira Sabo, a Ibadan da sauran garuruwan Yarabawa, a kan shanu da goro suka ginu. Mai gida yana saukar da baƙo, ya tsaya masa a ciniki, ya lamunce bashi, kuma saƙonsa na bin jirgi zuwa ga abokin hulɗarsa a Kano. Mu da muke shiga Kano ta titin Maiduguri mukan wuce kasuwar goro ta Mariri. Goron da ake saukewa a can yau a mota yake zuwa, amma jirgin ƙasa ne ya ɗora wannan ciniki a kan turbar da yake kai.

Rabonmu ya zo ne a 1930, lokacin da aka kai reshen layi Nguru, bayan ya bi ta Ringim da Malam Madori da Birniwa, tafiyar kimanin kilomita 230. Nguru ta tashi daga ƙaramin gari ta zama matattarar gyaɗa da ƙaro da fatu da busasshen nama da shanu, daga yammacin Borno har kudancin Nijar. Layin Maiduguri sai a 1964 ya isa, da rancen dala miliyan 28 da Bankin Duniya ya bayar a 1958, wanda shi ne bashin farko da bankin ya ba Nijeriya. Potiskum, wadda Sarkin Fika ya dawo da fadarsa cikinta tun 1924, aka bar ta da titi. Mutanenmu suka rungumi abin da suka samu. Wanda ya ga jerin tireloli a bakin titunan Potiskum, da garejin makanikai da masu walda da 'yan faci, ya san rashin dogo ne ya koya mana sana'ar mota.

Tasha ba ta kaya kaɗai ba ce. A watan Yunin 1945 ma'aikatan reluwe, da Michael Imoudu a gaba, suka ja yajin aikin gama-gari da ya haura kwana 40, ƙasa ta tsaya cik. A 1953, bayan Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956 wakilan Arewa suka ƙi, an yi musu ihu a Legas da tashoshin da jirginsu ya tsaya a kan hanyar dawowa. Wannan ɓacin rai yana cikin abin da ya haddasa rikicin Kano na watan Mayun shekarar, inda hukuma ta ƙirga gawa 36. Ranar 1 ga Oktoban 1966 kuwa, sojojin da suka yi bore sun kashe 'yan ƙabilar Ibo a filin jirgin sama da tashar jirgin ƙasa ta Kano, mutanen da suka taru suna neman hanyar komawa gida. Jirgin da ya kawo iyayensu neman abinci shi ya kwashe waɗanda suka tsira. Baƙin tabo ne a tarihin tashar, kuma ɓoye shi ba zai amfani kowa ba.

Yadda aka bar ta ta kwanta

An kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya a 1955, a daidai lokacin da aka fara shigo da kawunan jirgi masu shan dizal don su maye masu cin kwal ɗin Inugu. A 1964 jiragen ƙasar nan sun ɗauki fasinja sama da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Shekara goma bayan haka fasinja sun dawo miliyan 4 da 'yan kai, kaya kuma kimanin tan miliyan 1. Yaƙin basasa ya datse layin gabas, na Fatakwal. Farin farkon shekarun 1970 ya zo, cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 ta ƙarasa abin da ya rage, kuɗin man fetur kuma ya sa gwamnati ta juya wa noma baya ta koma zuba kwalta. Filayen da aka jera dala suka zama shaguna da filin ƙwallo.

An yi ta yunƙurin ceto. A 1979 aka ɗauko ƙwararrun Indiya na kamfanin RITES suka riƙe hukumar shekara uku, abubuwa suka ɗan farfaɗo, suna tafiya aka koma gidan jiya. A 1995 gwamnatin Janar Abacha ta ba kamfanin CCECC na Sin kwangilar gyara. Sai a watan Disambar 2012 jirgin fasinja na Legas zuwa Kano ya dawo bayan dogon hutu, yana cin sama da awa 30 a hanya, kuma tun daga nan ya sha tsayawa da dawowa. Na Nguru ma haka. A 2016 an yi gwajin ɗaukar shanu daga Gusau zuwa Legas a tarago, aka yi ta murna, abin bai ɗore ba.

Ranar da na fara taka tashar Kano da ƙafata, ina ɗalibi, na je ne kawai don in ga abin da Kaka yake ba mu labari. Na tsaya a bakin dakali ina kallon layuka suna rarrabuwa suna sake haɗewa, ga tsofaffin taragun kaya a jere, ga dogayen rumfunan ajiya. Faɗin wurin ne ya fi ba ni mamaki. Ba don fasinja aka tanadi wannan fili a tsakiyar Kano ba, don kaya aka yi shi. Wani dattijo mai sayar da rake a ƙofa ya ga ina ta waige-waige, ya tambaye ni daga ina. Da na ce Nangere, sai ya yi murmushi ya nuna mini layin da ke fita gabas, ya ce ga hanyar garinku can, ɗana. Shi a wurinsa duk wanda ya fito daga Yobe mutumin layin Nguru ne.

Sabon layi, da abin da ya rage mana

Yanzu hankali ya koma kan layi mai faɗi. Na Abuja zuwa Kaduna ya fara aiki a 2016, na Legas zuwa Ibadan a 2021. A watan Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, wanda kamfanin Mota-Engil na Fotugal ke yi, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse. A watan Yulin shekarar aka ƙaddamar da na Kaduna zuwa Kano. An buɗe tashar kaya ta tudu ta Dala a Zawaciki a farkon 2023. Idan Allah Ya sa aka kammala waɗannan, Kano za ta sake zama mahaɗa, wannan karon har da ƙofa zuwa Nijar, hanyar da fatake suka bi tun kafin zuwan Turawa.

Damuwata ita ce duk maganar ta koma ta fasinja da kujera mai sanyi. Abin da ya gina tashar Kano buhu ne da ƙaho. Taragon layi mai faɗi ba ya hawa tsohon layin Nguru, ke nan in ba a yi tanadin wurin sauke-ɗora tsakanin tsohuwar tasha da sabuwa ba, gabashin Jigawa da arewacin Yobe za su zama saniyar ware. Wake da riɗi da gero da ƙaro da ke fita daga kasuwanninmu, da shanun da ake lodi a Potiskum kowane mako, sun isa su ciyar da jirgin kaya. Titin Kano zuwa Maiduguri da aka ba da kwangilar tagwaita shi tun 2006 ya ci shekara da shekaru ana yi, kuma nauyin da ke bi ta kansa zai ci gaba da farfasa shi muddin babu dogon da zai rage masa.

Na san 'yan'uwana masu tirela ba kowa ke son jin wannan magana ba, gani suke za a taɓa musu tukunya. Ni ban ga haka ba. Jirgi ba ya shiga Dawasa ko Kukuri, mota ce za ta kai masa kaya bakin layi ta kuma kwaso wanda ya kawo. Direban da zai yi sawu biyu a mako tsakanin Potiskum da Nguru ko Buni Yadi ya kwana a gidansa ya fi wanda zai yi kwana goma a hanyar kudu, iyalinsa suna zaman zullumi duk lokacin da aka ji labarin rikici.

A watan Maris na 2023 an gyara tsarin mulki, harkar jirgin ƙasa ta fita daga hannun gwamnatin tarayya ita kaɗai, jihohi ma suna da ikon shiga. Saboda haka kirana ga gwamnatocin Kano da Jigawa da Yobe, da wakilanmu a Majalisar Tarayya, shi ne su zauna da hukumar jiragen ƙasa a kan layin Nguru: a gyara shi, a samar da taragun dabbobi da wurin lodi da mashaya, a haɗa shi da sabon layi a Kano, a kuma hana a cinye filin tsohuwar tasha da shaguna. Reshen Damaturu da aka ambata lokacin ƙaddamar da gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri a 2021, a matsa a yi shi, a kuma ja shi ya iso Potiskum. Mai karatu ɗan Yobe, idan ɗan takara ya zo ƙofar gidanka neman ƙuri'a, ka tambaye shi ina aka kwana a maganar dogo.